Katin da Safiyanu Ya Kai Gidan Sori

Safiyanu ɗan kabu-kabu ne a Gazawa, kuma duk garin an san shi da rashin zama wuri ɗaya. Ubansa baduku ne, ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya masa dukanci, amma yaron bai taɓa gama ɗinkin kube ɗaya a zaune ba. Sai ya miƙe wai zai sha ruwa, daga nan sai a ji labarinsa a bakin tasha. Da ya girma ya samu moto, wato babur, sai abin ya yi masa daidai. Da safe yana hanyar iyaka, da rana yana Agye, kafin la'asar ya shiga ƙauyuka uku ya fito. Matarsa Rahina, wadda malamar lakol ce, wato makarantar boko, takan ce ko tuwo a tsaye yake ci in ba ta harare shi ba.

Mako ɗaya bayan ƙaramar salla, ranar kasuwar Cadawa, wani dattijo ya tare shi a tasha. Sunansa Nomau, manomi ne daga Gidan Sori, can yamma da Maradi. Ya zo ta'aziyyar wani tsohon abokinsa a wani ƙauye kusa da iyaka, yana so ya riski kasuwa ya sayi irin wake kafin ya wuce gida, ga shi motar safe ta riga ta tashi. Safiyanu ya ɗaure masa ƙunshin kayansa a baya, suka kama hanya. Dattijon mai hira ne. Kafin su kai Agye ya ba shi labarin gonakinsa biyu, da yadda tsutsa ta cinye masa wake bara, da halin bijiminsa da ba ya son a ɗaura masa garma da safe.

Sun wuce Agye da kaɗan salula ta yi ƙara a aljihun Safiyanu. Ya ciro ta da hannun hagu ya kara a kunne, hannun dama kaɗai ke riƙe da kan moto. Wani mai shago ne da yake yi wa dakon kaya, yana tambayar ina ya shige. Yana cikin cewa "ina zuwa, ina zuwa" sai akuya ta faɗo kan kwalta. Ya taka birki, kan moto ya kuɓuce masa, suka zube. Ƙafarsa ta dama ta karye ƙasa da gwiwa. Dattijon kuwa kansa ne ya bugu da gefen kwalta, aka ɗauke shi bai san inda yake ba, aka wuce da shi asibiti a Maradi.

Da jandarma suka tambayi Safiyanu abin da ya faru, ya ce akuya ce. Wasu mutum uku da ke sharar gona a kusa sun ga akuyar, suka shaida. Ba wanda ya yi zancen salula, shi ma bai yi ba.

Maɗori ya ɗora ƙafar, ya ce kwana arba'in ba takawa. Aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ga zafin bazara. Kwana ukun farko ƴan dubiya suka cika gidan, daga nan suka ragu, daga nan sai shi da kaji. Ya san ƙarar kowace moto a unguwar. In ta wuce sai ya ce a ransa wane ne, har ya san inda za shi. Ya kwanta ta dama, ƙafa ta hana. Ya jingina da bango, bango ya yi zafi. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya riƙa tsinkar bakin tabarma har ta fara warwarewa. In Rahina ta dawo daga lakol sai ya tayar da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wai ruwa bai yi sanyi ba, wai ta daɗe a hanya. Salular kuwa, wadda wani ya tsinto masa da tsagewa a fuskarta, ya tura ta ƙarƙashin matashi. In ta yi ƙara sai ya ƙyale ta har ta yi shiru.

Duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi ko an ji labarin dattijon. Wani ya ce ya rasu. Wani ya ce ƙarya ne, an gan shi zaune yana shan fura. Ba wanda ya san danginsa a Gazawa, balle lambarsu.

Ran nan Rahina na neman tsumma a ɗakin ajiya ta ci karo da wata tsohuwar jakar fata. Kayan aikin mahaifin Safiyanu ne, tun da ya rasu ba wanda ya buɗe. A ciki akwai ƙarafan da yake buga ado da su a kan fata, guda goma sha biyu, kowane tsawon yatsa, kowane da siffarsa a baki: ɗigo, jinjirin wata, tauraro, haƙoran zarto. Akwai ƴar gudumar itace da guntun jar fata mai laushi. Ta kawo ta ajiye kusa da shi.

"Maigida, ga kayan Baba. In hannunka ya samu abin taɓawa, ƙila tabarmata ta tsira."

"Ni da na guje su ina da ƙafa biyu?"

"Yanzu ai ba inda za ka."

Bai taɓa su ba sai washegari, bayan ta fita. Ba fatar da zai buga wa, sai ragowar farin kwali da Rahina ke yankawa tana rubuta wa ɗalibanta baƙaƙe. Ya ɗora guda a ƙasa ya buga, ba abin da ya fito sai tabo. Ya ɗora a kan jar fatar ya buga, ƙarfen ya huda kwalin ya wuce. Ya jefar, ya ɗauki wani. Ba son abin yake ba, hannunsa ne kawai ya ƙi zama. Kafin azahar kaji na tsattsagar guntayen kwali a duk tsakar gidan.

Kusan mako biyu yana wannan ɓarna, har ranar da aka yi ruwan farko. Feshin ruwan ya taɓa kwalayen da ke gefen rumfa. Da aka ɗauke ya jawo guda, ya ji shi da ɗan laima, ya kife shi a kan fatar, ya dafa masa jinjirin wata da guduma a hankali don ya gaji da bugu. Ya juya kwalin. Watan ya fito ta ɗaya fuskar, ya tasa kamar ƙurji, sumul, ba huda ba tsagewa. Ya shafa shi da ɗan yatsa, ya sake shafawa.

Daga ranar ya gane kan abin. Ya matse tsumma sosai ya shafa wa kwalin ta baya, ya kife a kan fata, ya yi bugu ɗaya mara ƙarfi, in ya gama ya danne shi da littafin Rahina mai nauyi har ya bushe. Na farkon da ya gama, ya cika shi da ado tun daga wannan gefe har wancan, taurari da ɗigo ba masaka tsinke. Rahina ta juya shi a hannu.

"Ya yi kyau. Amma a ina mutum zai yi rubutu? Biro ba ya tafiya a kan tudu da kwari. Ga shi ma ya naɗe kamar busasshen ganye."

Ransa ya ɓaci, ya karɓe abinsa. Amma da safe ya sa ta miƙo masa wani miƙaƙƙen katako siriri. Ya aza shi a kan kwali ya raba, kashi ɗaya na ado, kashi biyu ya bar su a bushe. Wannan ya fi wancan wuya nesa. Ruwa yakan ratsa ta ƙarƙashin katakon ya bar shaida, ko ƙarfe ya hau kan iyakar ya ɓata ta. Sai da ya koyi ɗora gefen adon kaɗai a kan fata, sauran a kan allo mai tsawo daidai da fatar, sannan abin ya miƙe. Gefe ɗaya ya fito da adonsa a tashe, sauran fili ya zauna lafiya lau yana jiran alƙalami.

Babbar salla ta matso. Rahina ta ninke guda biyu, ta rubuta barka da salla a filin, ta kai wa shugabar lakol ɗinsu. Kafin mako ya zagayo sauran malamai duk sun ce suna so, wata ma ta ce a yi mata na gayyatar suna. Safiyanu ya riƙa yi, amma ko uku bai jerawa sai ya ture allon, ya ja sanda ya doddogara zuwa ƙofar gida, ya leƙa hanya, ya dawo.

A cikin kwanakin nan Dogo ya zo. Dogo direba ne, motarsa na zirga-zirga tsakanin Gazawa da Maradi, kuma tun farko Safiyanu ya roƙe shi ya bincika masa labarin dattijon. Ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana gaisuwa fiye da yadda ya saba.

"Na samu wani mutumin Tibiri da ya san shi," in ji Dogo. "Yana raye. An sallame shi, yana gida."

"Alhamdu lillahi. Ya jikin?"

"Jiki da sauƙi. Ido ne babu. Tun da ya farfaɗo bai ga komai ba."

Ƙarfen da ke hannunsa Safiyanu ya riƙa juyawa tsakanin yatsu har Dogo ya yi sallama ya tafi. Ranar bai ci abincin rana ba. Ya ja sanda ya je ƙofa ya dawo ya fi sau goma, har ƙafar ta kumbura, Rahina ta ce in maɗori ya gani ba ruwanta.

Washegari ya zaɓi kwali mafi kauri. Ya yi tunanin tauraro da wata, ya ga ba su dace da mutumin ba. Sai ya ɗauki ƙarfen ɗigo mafi ƙanƙanta ya fara jera ɗigo kusa da kusa, daga ƙasa zuwa sama, yana neman siffar zangarniyar gero. Na farko ya yi kama da tsintsiya. Na biyu ya huje. Yana gaggawa, kuma aikin ba ya son gaggawa. Sai a na tara zangarniyar ta fito, doguwa, ƙwayoyinta a tashe, da ganye biyu a gindi da ya ja da bakin jinjirin wata. Ya rufe ido ya bi ta da yatsa daga ƙasa har sama, ya ji ana iya gane ta.

Da la'asar Rahina ta zauna da biro.

"Me za a rubuta?"

"Ki sa, sannu da jiki."

Ta sunkuya za ta fara, ya riƙe katin.

"Tsaya. Ki sa, Allah Ya ƙara sauƙi. A'a, bari."

"Maigida, sai ka tsayar da magana ɗaya. In Dogo za ka ba, gobe da sassafe zai tashi."

Ya dubi filin katin, ya dubi ƙafarsa. Sannan ya gaya mata. Ya gaya mata zancen salular, da hannu ɗaya, da abin da ya faɗa wa jandarma da abin da ya rage bai faɗa ba. Ya ce da hannunsa biyu na kan moto, akuya irin wannan ya kauce wa ɗari.

Rahina ta mayar da murfin biro. Ta daɗe tana kallon kaji.

"Wata biyu kana yi mini faɗan ruwa bai yi sanyi ba," ta ce. "Wannan ba maganar kati ba ce, kuma ba maganar Dogo ba ce. In ƙafar za ta kai ka, bayan salla ka je da kanka."

Kwana biyu bayan layya ya shiga gaban motar Dogo, da sandarsa, da ƙullin goro da sukari, katin na cikin littafi don kada ya lanƙwashe. Da suka wuce Agye ya so ya kau da kai, amma ya kasa. Wurin ba wata alama. An yi shuka har bakin kwalta, geron ya fara tsirowa. A Maradi ya sauya mota zuwa Tibiri. Daga nan ƴan kabu-kabu suka yi masa caa, amma ƙafar ba ta lanƙwasuwa yadda zai hau bayan wani, dole ya bi amalanken shanu na wani mutum da ke komawa da buhunan taki. Tafiyar ta yi masa tsawo fiye da duk wadda ya taɓa yi. Shanun na taka yashi kamar ba sa son zuwa, motoci masu ƙafa biyu na wuce su suna ɓacewa. Ya gyara zama, ya sake gyarawa. Ya buɗe littafin ya duba katin, ya rufe. Sau biyu ya kusa cewa a sauke shi ya koma.

Bayan azahar suka isa. Aka nuna masa gidan, ya yi sallama. Wani magidanci ya fito, ƙafafunsa duk ƙasar gona, ya ce shi ne Ashiru, babban ɗan Nomau. Da ya ji ko wane ne baƙon, ya dube shi, ya dubi sandar, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya shiga da shi zaure.

Nomau na zaune a kan buzu, ya rame, idanunsa a buɗe amma ba sa bin komai. Ya juyo da kunne wajen ƙarar sandar.

"Wa ke nan?"

"Baba, ni ne Safiyanu, na Gazawa. Wanda ya ɗauko ka."

"Ɗan kabu-kabu. Ashe kai ma ka sha wuya, na ji sanda. Zamna."

Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa. Safiyanu ya miƙa goro da sukari, Ashiru ya karɓa ya ajiye gefe. Sannan ya ciro katin ya sa a hannun dattijon, yana jin kunyar abin tun kafin ya saki.

"Wannan ni na yi, Baba. Ba wani abu ba ne."

Nomau ya juya shi, ya shinshina, yatsunsa suka sauka kan adon. Ya bi daga ƙasa zuwa sama, ya dawo, ya tsaya a kan ganyen.

"Gero," ya ce. "Amma wanga bai samu ruwan ƙarshe ba, kansa ya yi siriri." Yatsun suka zarce zuwa filin, suka lalube shi duka. "Nan fa? Ba ka yi komi ba."

"Wurin rubutu ne. Na rasa abin da zan sa."

"To mi ya kawo ka tun daga Gazawa da karyayyar ƙafa?"

Safiyanu ya dubi Ashiru da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya so a ce ba ya nan. Amma ya fara, kuma da ya fara bai tsaya ba har ya kai ƙarshe, kansa a ƙasa, yana murza sandarsa. Ya ce in suna so a koma wurin jandarma, zai maimaita a gabansu.

Can Nomau ya ce, "Ina zuwa, ina zuwa. Haka kake ce ma mutumin. Ai a bayanka nike, kunnena na kusa da bakinka. Shi ne abu na ƙarshe da na ji kahin in faɗi."

"Baba, ka sani?" Ashiru ne ya yi maganar, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka sani, ka bar mu muna zagin akuya?"

"Akuyar ma ta yi nata."

Ashiru ya juya ya fita. Suka ji takunsa har ya ɓace ta bayan gida.

Nomau ya aje katin a kan cinyarsa, hannunsa a kai. "Tun a asibiti na ce na yahe, don ban san ko zan tashi ba, ban son in tahi da kowa a wuyana. Baki ya faɗa. Zuciya ita ba ta da sauri haka. Wata rana in tashi ba komi. Wata rana in ji an fita da shanu da safe, ni ina nan zaune, sai in ji da kana kusa da na lalubo sanda na buga maka. Gara ka sani, tunda kai ma ka faɗi taka."

"Na ji, Baba."

"Jandarma kuwa, ba su da idon da za su ba ni. Bar su."

Aka kawo fura daga cikin gida. Safiyanu ya kurɓa don kada a ce ya ƙi. Nomau ya shiga ba shi labarin likita. An ce idon dama ya tafi, amma na hagu akwai jini da ya taru, in an yi aiki ƙila a samu wani abu. An ba su rana a Maradi, sati uku masu zuwa, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Ashiru shi kaɗai ne namiji a gida, gonaki biyu na kansa, ga noman farko ya zo. Bai san Maradi ba, ranar da suka je sai da suka wuni suna neman ƙofar da za su shiga.

"Ni na san ta," in ji Safiyanu. "Ba lungun da ban shiga ba. In an sa ka mota a Tibiri, ni zan tare ka a tasha, in kai ka, in tsaya har a gama, in maido ka."

"Ba bisa moto ba."

"Ba bisa moto ba, Baba."

Dattijon ya ɗaga murya ya kira Ashiru. Sai da ya kira sau uku sannan ya dawo, ya tsaya a inda ya tsaya ɗazu, bai dubi baƙon ba. Uban ya gaya masa yadda aka yi, ya miƙa masa katin.

"Samo abin rubutu ka sa lambarshi nan, wurin da ba gero. In takarda ce ta banza ɓacewa za ta yi cikin sauran, wannan ko ni ina gane ta."

Ashiru ya tsaya kamar ba zai karɓa ba. Sannan ya shiga gida ya fito da biro. Safiyanu ya faɗi lambar, shi kuma ya rubuta, yana danna biron har ya kusa huda kwalin. Da ya gama ya ce, "Ni zan kawo shi da kaina. Kai dai ka nuna ƙofa."

Haka aka yi. Ranar farko Safiyanu ya iso tashar Maradi tun kafin motar Tibiri ta ɗauki fasinja a can, ya yi ta kai da kawo da sandarsa har masu shayi suka fara tambayarsa ko lafiya. Da suka iso ya shige gaba, ya san inda ake karɓar takarda, ya san inda ake jira, ya samo wa dattijon wuri a inuwa. Ashiru bai ce masa komai ba ban da sannu. Zuwa na biyu aka yi aikin, suka kwana biyu, Safiyanu na kawo musu abinci daga gidan wani abokinsa. A nan ne Ashiru ya tambaye shi ko ƙafar na yi masa ciwo in hadari ya taso, ya ce tana yi, maganar ta tsaya nan.

Zuwa na uku aka cire bandeji. Likita ya ɗaga yatsu a gaban Nomau, bai iya ƙirga su ba. Amma ya nuna taga ya ce can akwai haske, ya nuna ƙofa ya ce wani ya gitta. Likita ya ce ƙila ya ɗan ƙaru, ƙila kuma iyakarsa ke nan. Nomau ya ce ko wannan ya isa ya kai kansa masallaci ba a riƙe da hannu ba. Ashiru ya fita waje ya daɗe, da ya dawo idanunsa sun yi ja.

Gero ya kai gwiwa a lokacin. Ashiru na ta duban sama, yana so su koma kafin ruwa ya tare hanya. A bakin asibitin ya ce zai je ya karɓo magani, ya tsaya yana waige-waige, sannan ya kama hannun ubansa ya ɗora a kafaɗar Safiyanu.

"Ka tsallaka da shi. Ku jira ni wajen mota."

Suka tsallaka a hankali, mai ɗingishi a gaba, dattijo a baya, masu moto na kauce musu suna danna oda. A tasha Safiyanu ya samo masa kujerar gefen taga, ya sa masa ƙunshinsa a ƙarƙashin ƙafa. Nomau ya ce in an yi girbi ya zo ya karɓi wake, ya taho da buhunsa don su ba su da na bayarwa. Ashiru ya iso da magani, ya shiga, motar ta cika. Safiyanu ya tsaya har ta fita daga tashar ta karya kwana, sannan ya tafi neman Dogo, don an fara yayyafi kuma motarsa ce ta ƙarshe mai zuwa Gazawa a ranar.